Kajin Kakata a Littattafai Shida

Ina cikin shekarata ta biyu a aikin komi a biro, wato ofishin kumandan na Magariya, aka aiko mana da sabon ƙaramin kumandan. Komi a wancan zamani shi ne ɗan ƙasa da ya gama lakwal, wato makarantar boko, ya ji Faransanci daidai yadda zai kwafe abin da Nasara ya rubuta, ba lallai ya fahimce shi ba. Ni ina da kyan hannu, ba na makara, ba na kuma tambaya, don haka ana cewa zan yi nisa.

Sabon mutumin matashi ne siriri mai tabarau, wuyansa kullum ja saboda rana. Ya zo da akwatin ƙarfe biyu, ɗaya na tufafi ɗaya na littattafai, kuma sai da mutum huɗu suka kama na littattafan. Ba a jima ba muka ji dalili. A ƙasarsu, wanda ke son a ƙara masa girma sai ya rubuta dogon bincike a kan mutanen da yake mulka, ya kai wa waɗansu manyan malamai su duba. Shi ya zaɓi ya rubuta a kan abin da ya kira ragowar maguzanci a cikin Musulmin ƙasar Magariya. Watansa uku da zuwa bai iya amsa "ina kwana" ba tukuna, amma ya riga ya san abin da muke ɓoyewa a zukatanmu.

Wata safiya ya kira ni ɗakinsa. Na tarar ya zube littattafan a kan teburi, ya ajiye wani ƙullin katuna farare, kowanne kamar faɗin tafin hannu.

Ya ce, "Kowane bincike na ilimi yana ƙarewa da jerin littattafan da aka karanta. Malamaina ba sa son jeri tsurarsa. Suna son kowane littafi a bi shi da sharhi. Littafi ɗaya, kati ɗaya."

Ya ɗauki kati yana nuna mini da bakin alƙalami. A sama sunan marubuci, na gidansu da farko, da manyan baƙaƙe. Sai sunan littafin, a ja masa layi a ƙasa. Sai garin da aka buga shi, da wanda ya buga, da shekarar. In maƙala ce a cikin mujalla, a sa shafin da ta fara da wanda ta ƙare.

"Ƙarƙashin wannan," in ji shi, "layi biyar ko shida, kada ka wuce. Me mutumin ya ce, daga ina ya samo shi, wane amfani zai yi mini, kuma har ina za a iya yarda da shi. In ka gama sai ka jera su bisa baƙaƙen sunayen. Ba na son ra'ayinka. Gaskiya kawai nake so."

Mushe muke ce masa, wato Malam a Faransanci. Na ce, "To, Mushe. Wa zai karanta littattafan?"

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce shi ya riga ya karanta su a jirgin ruwa. Abin da ya rage ƙaramin aikin ne, wato a sake karanta su daga farko har ƙarshe a rubuta abin da ke ciki.

Littattafai da mujallu sun ɗara talatin. Ban da su akwai tsofaffin rahotannin rangadi da kumandodin baya suka rubuta da hannu, suna jibge a wani ɗakin ajiya a bayan biro, inda gara ta riga ni fara nazarinsu. Da tsakar rana nake aikin, lokacin da Nasara ke barci, biro ya yi tsit sai kukan kurciya a bishiyar tsakar gida.

Katin farko da na kai masa layi ashirin na cika, gaba da baya. Ya yaga shi ya ce ba littafi na biyu ya sa ni rubutawa ba. Na uku ma ya yaga, domin na rubuta cewa marubucin maƙaryaci ne. Mutumin ya ratsa ƙasarmu a kan raƙumi cikin kwana tara, huɗu daga ciki zazzaɓi ya kwantar da shi, amma ya samu sukunin bayyana halin kowace ƙabila har da abin da matanmu ke tunani. Mushe ya koya mini cewa a ilimi ba a ce wa mutum maƙaryaci. Ana cewa "a yi amfani da shi da taka-tsantsan." In ƙaryar ta yi yawa sai a ce "yana da amfani wajen sanin tunanin zamaninsa." Na riƙe waɗannan kalmomi, sun kuwa yi mini rana a aikin gwamnati.

Ba zan ɓoye ba, aikin ya shiga raina. Na gano cewa abin da mutum ya ɓata shafi ɗari uku yana faɗa yakan shiga layi huɗu, wani lokaci har wuri ya yi saura. Na kuma gano cewa a cikin tambayoyin nan huɗu, ta biyun ce mai ba da wuya. Me ya ce, kowa zai iya kwafewa. Daga ina ya samo, sai ka bi ƙananan rubutun da ke gindin shafi, waɗanda aka ƙanƙanta su don kada kowa ya damu da su.

A mako na uku na ci karo da ƙauyenmu.

Ƙauyenmu yana gabas da Guci, tafiyar hantsi a ƙasa. Gidajensa ba su kai arba'in ba, gero da dawa da gyaɗa muke nomawa, ba mu taɓa yin wani abin da zai sa a san da mu ba. Sai ga sunansa a wani ƙaton littafi mai bangon fata da aka buga a Pari, babban birnin Faransa, wanda wani babban malami ya rubuta. Shafi huɗu aka ba mu. Malamin ya ce mutanen wannan ƙauye, duk da suna da'awar Musulunci, kaza abar tsarki ce a wurinsu. Ba sa yanka ta, ba sa sayar da ita, ba sa ba baƙo ƙwanta, domin wai wata kaza ce ta ceci kakansu na farko daga ƙishirwa. Ya ƙara da cewa wannan al'ada ta yi kama da ta Misirawan zamanin Fir'auna, kuma mai yiwuwa ne daga can muka taso.

Na ajiye littafin na yi dariya har hawaye. Ni da ban taɓa ganin Sallar da ta wuce ba mu tsotsi ƙashin kaza ba. Amma ina cikin dariyar sai na tuna wani abu. Muna yara, duk lokacin da aka ce Nasara zai biyo ta wajenmu rangadi, mata sukan share gashin kaji su binne, a kuma gargaɗe mu kada wanda ya yi zancen cin kaza a gaban baƙo. Ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗauka irin ɓoyon da kowane ƙauye ke yi ne in askarawa na tafe.

Na bi gindin shafi. Babban malamin ya samo daga wani limamin Kirista. Limamin ya samo daga wani malamin lakwal da ya zauna Damagaram. Shi kuma daga wani kumanda da ya rubuta littafi bayan ya bar aiki, wanda ya ɗauko daga wani injiniyan rijiyoyi, wanda ya ɗauko daga maƙalar wani likitan soja. Littattafai shida ke nan. Likitan sojan ya ce ya gani a rahoton rangadin wani kaftin na farkon zuwan Nasara. Na shiga ɗakin ajiya na yi wuni biyu ina shaƙar ƙasar gara, na same shi.

An ce in jera katuna bisa baƙaƙe, amma ranar sai na shimfiɗa su a kan tabarma bisa shekaru, daga tsoho zuwa sabo. Kaftin ya rubuta layi ɗaya tak: ya kwana a ƙauyen, bai samu kaza ba, wata mata ta ce ba a taɓa kajin garin. A hannun likita ya zama ba ma cin kaza. A hannun injiniya ya zama muna tsoronta. Kumanda mai hutawa, da yake yana da lokaci, shi ya samo mana kaka mai ƙishirwa. Malamin lakwal ya ba mu waƙar da muke yi mata, limamin Kirista ya gina mana ɗakin tsafi, babban malami ya kai mu Misira. A cikinsu duka babu wanda ya taka ƙauyen sai kaftin, shi ma kwana ɗaya.

Na nemi izinin kwana uku, na ari dokin wani abokin aiki na tafi gida. Na tarar da kakata, wadda ta haifi mahaifina, a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa ƙwarai amma hankalinta garau yake. Ta ɗaga kai ta ce, "Maigidan, yau ka tuna kana da mata a ƙauye? Me ka riƙo mini?"

Na ba ta goro da sukari. Bayan mun gaisa na ce, "Kaka, wace mata ce ta gaya wa Nasaran farko ba a taɓa kajin garin nan?"

Ba ta daina ɓarar ba. Ta ce, "Ni ce. Wa ya aiko ka?"

Ta ba ni labarin kamar jiya aka yi. Tana amarya, da cikin baffana na wata biyar. Aka ce ga Nasara nan da askarawa, maza duk suka shige daji don kada a kama su ɗaukar kaya, aka bar mata da tsofaffi. Tana da kaji huɗu da uwarta ta ba ta, ɗaya tana kwanci. Tafinta ya shigo gidan ya ce Nasara yana son kaji da ƙwai.

"Na dube shi na ga layu sun cika masa damtse," in ji ta. "Na ce wannan matsoraci ne. Sai na ce masa ga su nan ya kama, amma kajin garin nan ba a taɓa su, wanda ya ci na ƙarshe cikinsa ya kumbura har ya mutu. Ya ja da baya kamar ya ga kububuwa. Abin da ya gaya wa ubangidansa ban sani ba. Na dai san tuwon dawa miyar kuka suka ci suka wuce."

Bayan shekara biyu wani Nasaran ya zo rangadi, ya hana askarawansa taɓa kaza ko ɗaya. Kaka ta ce ya daɗe tsaye yana kallon kazar maƙwabciyarta tana tonon juji, yana rubutu. Maigarin lokacin ya ga abin da riba, ya ce kowa ya riƙe bakinsa. Tun daga nan, shekara arba'in da ɗoriya, duk ƙauyen da ke tsakanin Bande da Dungas yana fitar da kaji da ƙwai in kumandan ya sauka, ban da namu.

Da na tsaya a nan da komai ya tafi daidai. Amma yaron da ya yi lakwal ba ya iya riƙe abin da ya sani. Bayan la'asar, dattawa na zaune a ƙofar masallaci, na kwashe labarin littattafan nan na ba su don a yi dariya. An kuwa yi, musamman da na zo kan Misira. Mutum ɗaya ne bai yi ba, baffana, limamin garin. Shekara bakwai ya yi yana karatu a Kano, shekara ashirin yana jan salla, kafin shi kuma mahaifinsa ne.

Ya ce, "Maimaita wajen ɗakin tsafin."

Na maimaita.

"Wato an rubuta, an buga, cewa kaza muke bauta wa."

"Ba su ce bauta ƙarara ba, Baffa. Sun ce girmamawa."

"Su waɗannan malaman ba sa tambayar wanda ya ruwaito magana? Shi wa ya gaya masa, shi ma wancan wa ya gaya masa, kuma mutumin kirki ne ko mashiririci?"

Na ce aikin da aka sa ni ke nan, kuma na bi maganar har tushenta, tushen kuwa yana cikin gida yana ɓarar gyaɗa.

Maigari, wanda jikan wancan maigarin ne, ya gyara zama ya ce, "Liman, a yi haƙuri. Littafin nan wa ke karanta shi? Nasara. Nasara kuwa ko wuni ka yi kana salla a gabansa, abin da ya zo da shi a kansa shi zai koma da shi. Mu mun san mu Musulmi ne, Allah ya sani. Kajinmu kuma suna nan."

Wani maƙwabcinmu mai shanu, da ke noma a gefen gonarmu, ya ce shi da za a samu wanda zai rubuta cewa nonon shanunsa ma ba a taɓa shi, da ya gode.

Baffa bai yi murmushi ba. Ya nuna ni da carbi ya ce, "Ga wanda ya karanta nan, ɗanmu ne. Gobe 'ya'yansa za su shiga lakwal, su buɗe su ga kakanninsu masu tsafi ne. Mu lokacin muna ƙasa, ba mai tashi ya ƙaryata. Kaza nawa ce kuɗin wannan?"

Aka yi ta ja har aka kira magariba ba a daidaita ba. Washegari da safe Kaka ce ta raba gardamar, ba wanda ya tambaye ta. Ta sa aka kira mata liman da maigari, ta ce ita ta ƙulla, ita za ta kwance.

"An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya," in ji ta. "Tawa ga shi ta haifi shida, har da mai bangon fata. Ba zan je gaban Allah da wannan zuri'a ba. Maigidan, ka je ka rubuta yadda aka yi."

Maigari ya ce ita haƙoranta sun zube, shi ya sa kaza ta fita ranta. Ta ce haka ne, kuma shi nasa suna nan, sai ya tauna haƙuri.

Na koma Magariya na gyara katunan nan bisa ƙa'idar da aka koya mini. Ban sa ra'ayina ba. A ƙarshen kowane sharhi jimla ɗaya ce na ƙara: marubucin bai je wurin ba, ya dogara ga wane, shafi kaza. Sannan na ɗauki sabon kati na yi wa Kaka nata. A wurin suna na rubuta sunanta da manyan baƙaƙe. A wurin gari na sa ƙauyenmu. A sharhi na ce ita ce matar da ke cikin rahoton kaftin, ta ce ita ta ƙirƙiri maganar don ta tsirar da kajinta huɗu, ganau ce, kuma ba ta da abin da za ta samu da wannan bayani sai hasara.

Mushe ya karanta katunan ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. Ya ce ban taɓa yin aiki mai tsabta haka ba. Da ya zo kan na Kaka ya daina gyaɗa kan. Ba wawa ba ne, wannan dole in ba shi. Ya sake jera su da kansa bisa shekaru, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Babina na uku gaba ɗaya a kan kazar nan yake tsaye."

Ya tattara katunan ya miƙe tsaye.

"Zan je in gani da idona."

Shi ne na farko a cikinsu da ya yi wannan tunani, kuma har yau ina ganin girmansa a kan haka. Ranar kasuwar Guci muka tafi, shi da ni da askari ɗaya. Baffa ya shirya. Ya sa aka kamo wani jan zakara, ya tara jama'a a ƙofar masallaci, ya fuskantar da shi alƙibla, ya yi bisimilla da ƙarfin da bai taɓa yi ba ko a Babbar Salla, ya yanka shi da hannunsa. Maigari ya tsaya daga nesa ya harɗe hannu kamar mai halartar jana'iza. Mata suka dafa zakaran da man shanu da yaji, Mushe ya ci ya nemi ƙari. Bayan nan Kaka ta zauna a tabarma ta ba shi labarin duka, ina fassarawa, ban rage ko layun tafinta ba. Ya yi mata tambayoyi masu ma'ana, ya cika shafi goma na ƙaramin littafinsa, ya gode mata da hannu biyu.

A hanyar komawa muka tsaya shayar da dawaki a wata rijiya. Mushe ya ce tun da ya zo ƙasar nan bai ci kaza mai daɗin wannan ba. Na ce ai dole, Mushe, shekara arba'in suna hutawa. Ya yi dariya sosai. Na isa gida ranar ina jin na yi wa ilimi hidima.

Bayan mako uku ya miƙo mini babi na uku in buga a mashin ɗin rubutu. Na sa takarda na fara. Babin ya ce al'adar tsarkake kaza, wadda marubuta shida suka tabbatar, ta mutu a 'yan shekarun nan saboda bazuwar Musulunci. Ya ce marubucin ya yi sa'ar ganin ƙarshenta da idonsa, ranar da limamin garin ya yanka zakara a bainar jama'a, sarkin garin kuwa yana tsaye gefe cikin baƙin ciki. Ya ce ya gana da wata tsohuwa, ta ƙarshe a cikin masu riƙe da sirrin, wadda yanzu saboda kunya take musun cewa an taɓa yin al'adar, kuma irin wannan musu sanannen abu ne a wurin mutanen da suka bar addinin kakanninsu.

Na ɗauki takardar na shiga ɗakinsa. Ban taɓa shiga ba a kira ni ba sai ranar.

Na ce, "Mushe, ba haka ta ce ba. Ni na fassara."

Ya cire tabarau ya murza idanunsa. Ba tare da shi ba sai na ga ashe bai girme ni da yawa ba. Ya ce, "Na san abin da ta ce. Ka san wanda zai duba aikin nan?"

Na ce ban sani ba.

Ya ɗora hannu a kan littafin mai bangon fata. "Shi ne."

Na tambaye shi katin Kaka fa. Ya zaro shi daga cikin ƙullin ya miƙo mini. Ya ce kati ne mai kyau, amma ba shi da sunan littafi, ba wanda ya buga, ba shekara, ba shafi, don haka ba shi da wurin zama a jerin. Sauran katunan ya ce a buga su kalma da kalma yadda na rubuta, a cire jimlar ƙarshe kawai a guda shidan, domin sharhi ba ya wuce layi shida.

Ina so in ce na ajiye masa takardarsa na fita. Ban yi ba. Ina da mata da jariri a lokacin, kuma ana cewa zan yi nisa. Na koma na zauna na buga babin, shafi goma sha ɗaya, ba kuskure ko ɗaya. Kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba, a rana ta uku na ci.

Mushe ya tafi hutu ƙasarsu da aikin, bai dawo Magariya ba, an ƙara masa girma an kai shi wani wuri. Ya aiko mini da wasiƙa mai daɗi. Ya ce malaman sun karɓi binciken, kuma abin da suka fi yabawa shi ne jerin littattafan da sharhinsu, har babban malamin ya ce ya daɗe bai ga ɗalibin da ya karanta shi da idon basira haka ba. Ya bar mini akwatin ƙarfen kyauta, babu komai a ciki.

Kwafi ɗaya na binciken ya zauna a biro, babban kumandan kuma ya karanta. Da lokacin girbi ya yi aka fita rangadi, askarawa suka sauka a ƙauyenmu da kwando, suka ce tunda al'ada ta mutu sai a fito da kaji da ƙwai kamar kowa. Kakata ta zaɓo musu wata tsohuwar kaza da ta daina ƙwai tun bara waccan. Maigari ya yi shekara biyu in na gaishe shi sai ya amsa wa dokina. Yakan ce a gaban mutane, garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta, amma bai taɓa jin inda kaza ta tono wuƙar yanka 'yan'uwanta duka ita ta koma biro ba.

Baffa ne na fi jin nauyin haɗuwa da shi. Na yi ta kauce masa har wata Juma'a ya same ni a zauren gidanmu, ya zauna, ya ce in gaya masa abin da Nasaran ya rubuta.

Na ce, "An cire zancen tsafin, Baffa. An rubuta cewa yanzu babu shi."

"Yanzu?"

"Haka aka sa. An ce kun bar shi kun kama Musulunci sosai."

"Yaushe muka kama?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Bana."

Ya ja carbinsa ƙwaya uku ko huɗu. Sannan ya ce, "To, alhamdu lillahi. Gara da muka samu shiga kafin mu mutu." Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ce in taso kada mu makara sallar Juma'a, tafiyar Guci da nisa kuma sababbin shiga bai kamata a gan su a sahun baya ba.